Tarihin Shayarwa a Ƙasar Hausa

Shayarwa na cikin al'adun da suka daɗe ba su sauya ba a ƙasar Hausa. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, jaririn da aka haifa a Kano, Katsina, Zazzau, Gobir ko Damagaram ba shi da abinci sai nonon uwarsa. In ta rasu ko nonon ya ƙi zuwa, sai na wata mace ko na dabba. Rayuwar yaro a shekaru biyun farko ta rataya ne a kan abu biyu: nonon ya isa, kuma ya zama mai kyau. Kusan duk abin da aka tsara game da haihuwa, daga goyon ciki, wankan jego da kunun kanwa har zuwa ƙaurace wa miji da yaye, ƙoƙari ne na tabbatar da waɗannan biyun.

Hukuncin addini

Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun kawo Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Tare da addinin ne fiƙihun Malikiyya ya shigo, kuma littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Halil suka zama abin karantawa a zaurukan malamai. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa ga wanda ya so cikawa, ya kuma ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. A Malikiyya, matar da ke da aure ita ce ke shayar da ɗanta, sai fa in tana cikin matan da irinsu ba sa shayarwa. Wadda aka saka kuwa tana da damar neman lada daga uban yaron.

Hukuncin da ya fi taɓa zaman gida shi ne na 'yan'uwantakar shan nono. Malikiyya na ganin duk nonon da ya isa cikin yaro a tsakanin shekara biyu, ko da tsotso ɗaya ne, yana haramta aure kamar yadda nasaba ke haramtawa, kuma mijin wadda ta shayar ya zama uba ga yaron. A al'ummar da auren zumunci ya yi yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mace ba ta ba ɗan 'yar'uwarta ko na maƙwabciyarta nono da wasa, kuma tsofaffin gida su ne ke riƙe da lissafin wa ya sha nonon wa, don ranar da maganar aure za ta taso.

Kowane ɗalibin makarantar allo ya san labarin Halimatu Sa'adiyya, wadda ta shayar da Annabi (SAW) a ƙauyen Bani Sa'ad, amma shayarwa don a biya lada ba ta zama sana'a a ƙasar Hausa kamar yadda ta zama a Makka ko a Faransa ba. Idan uwa ta rasu ta bar jinjiri, dangi ne ke tallafarsa: gwaggo ko inna mai goyo, wani lokaci ma kaka, wadda ake ɗora mata yaron a ƙirji yana tsotsa har ruwan nono ya dawo mata. Inda aka rasa mace, sai a koma ga nonon akuya ko na saniya. Irin wannan yaro ne ake wa laƙabi da Talle.

Kwanakin farko

Matar da ta yi cikin fari takan koma gidan iyayenta tun cikin yana wata bakwai, ta haihu a can ta yi jego a hannun uwarta. Dalilin a fili yake: yarinya ce ƙarama, ba ta san riƙon jariri ba, ga kuma kunyar ɗan fari, wadda kan sa ta kau da kai ta ƙi kallon yaron a gaban mutane. Sau da yawa tsohuwa ce ke ɗauko shi ta kafa masa nono, uwar na lulluɓe da zane.

Ba a cika ba jariri nono nan take ba. Ruwan farko mai kauri, mai launin rawaya, wato dakashi, an ɗauke shi a matsayin ƙazanta ko gurɓataccen nonon da ya kwana wata tara a jiki. Sai a tatse shi a zubar, a wanke maman da ruwan ɗumi da magani, har kwana biyu ko uku. A tsakanin nan ana ba yaron ruwan ɗumi, rubutu, ruwan zamzam in akwai, ɗan zuma ko dabino, da nonon akuya. Taunawa da shafa dabino a dasashin jariri sunna ce, amma jinkirta nono al'ada ce kawai.

Akwai kuma gwajin nono, musamman ga mai haihuwar fari ko wadda 'ya'yanta ke mutuwa a goye. Akan tatsi nonon a ƙoƙo ko ludayi a jefa tururuwa a ciki. In ta fito da rai, nono lafiyayye ne. In ta mutu, sai a ce yana da ƙaiƙayi. Wasu kuma sukan ɗiga shi a kan ƙarfe mai zafi su duba yadda zai yi. Wadda aka ce nononta ba shi da kyau, sai a sa ta shan saiwoyi da sassaƙe, a jinkirta shayarwar har a ga ya gyaru. Idan yaron ne ya ƙi kama nono, akan ɗora laifin a kan belu, sai a kira wanzami ya cire. Shi ne kuma ake kira ya yi sakiya in mama ta kumbura ta tara ruwa.

Jego

Kwana arba'in na jego an tsara su ne don gasa jikin mai haihuwa, fitar da sanyi da kawo ruwan nono. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma reshen darbejiya, runhu ko tsamiya ana fyaɗa mata a jiki, ana danna ciki da ƙirji. A Zazzau da kewaye akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa ta kwanta a kai. Miji ne ke da alhakin itace, kuma yawan itacen da ya tara na nuna kulawarsa. Shi ne kuma ke sayen kayan ƙauri, wato ƙafafun sa ko kai, a dafa da yaji mai yawa. A kan wannan ga tuwo mai zafi, fura, kunun gyaɗa da kunun kanwa. Kanwar kuwa fatake ne ke kawo ta daga Mangari, Muniyo da bakin Tafkin Chadi. In nono ya yi ƙaranci, akwai tsirrai da aka sani da kawo shi, kamar nonon kurciya.

Wannan tsari ya ba mai jego abin da likitocin yau ma ke nema mata: hutu daga daka da girki, abinci mai gina jiki, abin sha mai yawa, da zama kusa da jariri dare da rana. Amma yana da nasa haɗarin. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci Davidson da Parry sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun danganta yawan cutar a yankin da gishirin da ke cikin kanwa da kuma zafin da ake gasa jiki da shi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ƙarƙashin Farfesa Kamilu Ƙaraye ya nuna cewa talauci, rama da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki suna da babban hannu a ciki. Tun bayan binciken Zariya asibitoci ke gargaɗi a kan yawan kanwa da ruwa mai ƙuna.

Girman mama da yawan nono

Tsohuwar fahimta a tsakanin jama'a ita ce mai manyan mama ta fi ruwan nono, ƙaramar mama kuwa ba za ta ƙosar da yaro ba. Magabatan likitoci ma sun yi magana a kan sifar mai shayarwa. Soranus, likitan da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2, ya fi son matsakaiciyar mama, don yana ganin babba na iya danne jariri kuma nono na kwana a cikinta. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya zaɓi cikakkiya mai ƙarfi wadda girmanta bai wuce kima ba. Dukansu biyu sun kawo gwajin ɗiga nono a kan farce don a ga kaurinsa.

Ilimin zamani ya warware wannan. Abin da ke bambanta girman mama galibi kitse ne, ba ƙwayoyin da ke yin nono ba. Yawan nono na bin yawan tsotso: duk lokacin da yaro ya tsotsa, ƙwaƙwalwa na sakin sinadaran da ke sa a ƙera nono da kuma tunkuɗo shi, kuma maman da aka zuƙe ta fi saurin sake cika. Matsakaicin abin da uwa ke samarwa a watannin farko ya kai mililita 750 zuwa 800 a yini, ko babba ce mamanta ko ƙarama. Masu bincike a Jami'ar Yammacin Ostireliya, ƙarƙashin Peter Hartmann, sun nuna a shekarun 1990 cewa abin da ya bambanta shi ne yawan nonon da mama ke iya ajiyewa tsakanin shayarwa da shayarwa. Mai ƙaramin ma'aji takan shayar sau da yawa, amma jimillar yini ɗaya ce.

Wahalar mai manyan mama ta riƙo ce. Nauyin kan ja kan nonon ƙasa, uwa ba ta ganin bakin yaron, kuma tsoron toshe masa hanci kan sa ta duƙa a kansa har baya da wuya su ƙage. A ɗakin jego tsofaffi na da nasu darasin. Sai a zaunar da mai jego a kan tabarma, ta miƙe ƙafa ta jingina da bango, a ɗora yaron a cinyarta bisa ninkakken zane, a nuna mata ta tallafo maman da tafin hannu daga ƙasa, ta sa yatsa ta danne wajen da ke daidai hancinsa. Ana kuma ja mata kunne kada barci ya kwashe ta nono na bakin yaro. Ungozomomin asibiti sun riƙe tallafin, amma sun gyara sauran: yatsu su yi nesa da baƙin da ke kewaye da kan nono, kuma maimakon danne mama, a jawo ƙugun yaron ya manne da uwa, haɓarsa ta nutse a cikin maman, hancin ya sami sarari da kansa. Suna koyar da naɗe ƙaramin tawul a sa a ƙarƙashin mama don ya ɗaga ta, da riƙe yaro ta ƙarƙashin hammata ƙafafunsa na baya, da kwanciya a gefe ɗaya ido biyu. Suna kuma son a riƙa shanya ƙarƙashin mama bayan wanka, don gumi na sa wurin ya saɓe a lokacin bazara.

Sutura ma ta sauya lamarin. A da ɗaurin ƙirji ne tufar cikin gida, kuma kwance shi kaɗan ya isa a shayar. Rigar mama ta shigo ne ta kantuna a ƙarni na 20. Mai faɗin hannu tana rage wa mai manyan mama nauyi, amma matsattsiya ko mai ƙarfe na iya toshe hanyar nono ta jawo kumburi. Tare da ita ne kuma tsoron zubewar mama ya yaɗu a tsakanin matan birni, har wasu ke gaggauta yaye. Binciken da aka yi a Jami'ar Kentucky ta Amurka, aka wallafa a 2008, ya danganta zubewar da yawan ɗaukar ciki, shekaru, ƙiba da shan taba, bai sami hannun shayarwa a ciki ba.

Kwanika da yaye

Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Bayaninta ya nuna cewa a zamaninta shekara biyu ake shayarwa, kuma mai goyo ba ta zuwa turakar miji sai ta yaye. An yi imani cewa sabon ciki na ɓata nono, yaron da ya sha shi sai ya yi ta zawo yana ramewa. Matar da ta yi kwanika ko rurrutsa takan sha gori a wurin kishiyoyi da dangi, kuma da zarar an gane cikin ake cire na goye daga nono, ko da bai yi ƙwari ba. Shari'a ba ta hana miji kusantar mai shayarwa ba, domin hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Malik ya nuna Annabi (SAW) ya yi niyyar hanawa, sai ya fasa da ya ga Rumawa da Farisawa na yi ba ya cutar da 'ya'yansu. Hanin na al'ada ne, auren mace fiye da ɗaya kuma ya sauƙaƙa kiyaye shi.

Abin da tsofaffi suka gani gaskiya ne, ko da dalilin da suka bayar ba shi ba ne. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yankewar nono farat ɗaya da komawa ga tsinkakken koko ne ke kayar da yaro. Likita Cicely Williams ta bayyana wannan cuta a Ghana a shekarun 1930, wadda ake kira kwashoko, a Nijar kuma tamowa. Doguwar shayarwa ita kanta na jinkirta dawowar al'ada, shi ya sa take ba da tazara. Taron masana a Bellagio ta Italiya a 1988 ya tabbatar da cewa nono zalla a wata shidan farko, in al'ada ba ta dawo ba, yana hana ɗaukar ciki da kashi 98 cikin 100.

Yaye kan zo ne tsakanin wata 17 da shekara biyu, kuma akan riga yaye namiji da wata ɗaya ko biyu, bisa cewa yawan shan nono na dusashe masa basirar karatu. Ranar yaye akan karɓo rubutu wurin malam, a yi sadaka, a kai yaron gidan kaka ya yi kwanaki yana shan kunu da fura har ya manta. In ya dawo yana nema, sai a shafa maɗaci ko wani abu mai ɗaci a kan nonon. Wani yaron ma daga yaye yake zama ɗan riƙo a gidan da aka kai shi.

Madarar gwangwani

Henri Nestlé ya fara sayar da garin abincin jarirai a Suwizalan a 1867. A ƙasar Hausa madarar gwangwani da fida sun fara ne a gidajen ma'aikata a Kano, Kaduna, Zariya da Jos, suka yaɗu a shekarun 1970 lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, mata kuma suka fara aikin ofis, koyarwa da jinya. Fida ta zama alamar wayewa. Illarta ta bayyana inda babu tsabtataccen ruwa da wutar tafasa kwalba, da inda ake tsinka madarar don gwangwani ya daɗe. Sakamakon shi ne zawo da rama.

Tun a 1939 Cicely Williams ta yi jawabi a Singafo tana Allah wadai da tallar madara ga matalautan iyaye. A 1974 ƙungiyar War on Want ta Birtaniya ta fitar da rahoto a kan lamarin, a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka, a watan Mayun 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar tallar abincin da ke maye gurbin nono da ƙuri'a 118, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta kafa tata dokar a 1990, ta yi mata gyara a 1999, kuma hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kanta. Faɗuwar darajar Naira daga 1986 ta sa gwangwanin ya fi ƙarfin yawancin gidaje. A karkara dama fida ba ta taɓa ture nono ba.

Nono zalla

Daga 1990 hankalin hukumomin lafiya ya koma kan kwanakin farko da kuma ruwa. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu ƙarfafa shayarwa, a 1992 aka fara Makon Shayarwa na Duniya daga 1 zuwa 7 ga Agusta, a 2001 kuma aka tsayar da wata shida a matsayin wa'adin nono zalla, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Dakashin da ake zubarwa ya tabbata cewa shi ne kariyar farko ga jariri, cike da garkuwar jiki, kuma ƙarancinsa daidai yake da cikin jinjirin kwana ɗaya. Wani bincike a Ghana da aka wallafa a 2006 ya ƙiyasta cewa kafa wa jariri nono a sa'ar farko na iya hana kashi 22 cikin 100 na mutuwar jarirai a watan farko.

Maganar ruwa ce ta fi wuyar karɓuwa. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, hana jariri ruwa na kama da rashin tausayi a idon kaka da uwar miji, kuma su ne masu faɗa a ji a ɗakin jego. Amsar ma'aikatan lafiya ita ce kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, ruwan randa kuwa na cika cikin yaro ya rage tsotso, ga ƙwayoyin zawo. Ƙidayar lafiya ta ƙasa a Nijeriya ta nuna nono zalla ga 'yan ƙasa da wata shida ya tsaya a kashi 17 cikin 100 a 2003, ya sauka zuwa 13 a 2008, ya koma 17 a 2013, ya hau zuwa 29 a 2018, shekarar da kashi 42 na jarirai suka sami nono a sa'ar farko. A Nijar adadin nono zalla ya kai kashi 23 a 2012. Saboda haka shirye-shiryen wayar da kai na baya-bayan nan a Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram ba su tsaya ga mai jego kaɗai ba. Suna bi ta rediyo, limamai, masu unguwanni da ungozomomin gargajiya don su isa ga maza da kakanni.